BABI NA HUƊU: ADDINI, KISHIN JIHA DA ZAMAN BIRNI A FIM ƊIN BOMBAY

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda finafinan Indiya suka samu karɓuwa a ƙasar Hausa, da kuma irin tasirin da suka yi a kan littattafan soyayya da finafinan Hausa. A nan kuwa za a ɗauki fim guda ɗaya a yi masa nazari, wato fim ɗin Bombay wanda Mani Ratnam ya ba da umarni, ya fito a shekarar 1995. Dalilin zaɓen wannan fim shi ne, ya fara ne da labarin soyayya irin wanda mai kallo Bahaushe ya saba gani, amma sai ya ƙare da tarzomar da ta auku da gaske a birnin Bombay. Saboda haka ya dace a auna shi da ma'auni biyu, wato ma'aunin ƙagaggen labari da kuma ma'aunin tarihi.

Abin da wannan babi zai yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, fim ɗin ya yi nasara wajen nuna yadda tarzoma take rusa gida guda, amma ya gaza wajen nuna mafarin tarzomar. Gazawar kuwa ta samo asali ne daga yadda ya mayar da rikicin na addinai biyu kurum, ya kawar da kai daga kishin jiha, wanda shi ne ginshiƙin siyasar birnin tun shekarun 1960.

4.1 Fim Ɗin da Yanayin Fitowarsa

An shirya Bombay ne da harshen Tamil, wanda ake magana da shi a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, daga baya aka juya muryoyinsa zuwa harsunan Hindi da Telugu. Arvind Swami da Manisha Koirala su ne manyan taurari, A. R. Rahman kuma shi ya tsara kiɗa. Fim ɗin ya dogara ne a kan abubuwan da suka biyo bayan rushe masallacin Babri da ke garin Ayodhya a ranar 6 ga Disamba, 1992. Tarzoma ta ɓarke a Bombay a matakai biyu, na farko a Disamban 1992, na biyu a Janairun 1993. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Srikrishna ta ƙiyasta cewa mutum 900 ne suka mutu, daga ciki 575 Musulmi ne, 275 kuma mabiya addinin Hindu. A ranar 12 ga Maris, 1993 kuma aka tayar da bama-bamai a sassan birnin, mutum 257 suka rasa rayukansu.

Wajibi ne a lura da lokacin da fim ɗin ya fito. A watan Maris na 1995 aka fara nuna shi, a cikin wannan watan ne kuma jam'iyyar Shiv Sena, tare da abokiyar ƙawancenta BJP, ta kafa gwamnati a jihar Maharashtra wadda Bombay ke babban birninta. An nuna wa shugaban jam'iyyar, Bal Thackeray, fim ɗin kafin a sake shi, an kuma yanke wani ɓangare na maganganun tauraron da ke wakiltarsa. Wasu shugabannin Musulmi su ma sun nuna rashin amincewa, har aka jinkirta nuna shi a birnin Bombay. A watan Yuli na wannan shekara aka jefa bam a gidan Mani Ratnam da ke Madras, ya ji rauni. Duk da haka fim ɗin ya samu lambar yabo ta ƙasa ta Nargis Dutt, wadda ake bai wa fim ɗin da ya fi kira ga haɗin kan ƙasa. Wannan bayani ya nuna cewa ba cikin sakewa aka shirya fim ɗin ba, kuma adalci ne a tuna da haka yayin da ake sukarsa.

4.2 Taƙaitaccen Labari

Shekhar ɗa ne ga Narayanan Pillai, wani dattijo mai riƙo da addinin Hindu a wani ƙauye na bakin teku a Tamil Nadu. Yana karatun aikin jarida a Bombay. Da ya zo gida hutu sai ya ga Shaila Banu, 'yar Basheer mai sana'ar ƙona bulo, a lokacin da iska ta yaye mata lulluɓi. Soyayya ta ƙullu, iyaye maza biyu suka ce atafau ba za a yi ba. Shekhar ya koma Bombay, ya aika mata da tikitin jirgin ƙasa, ta gudu ta same shi, suka yi auren rajista. Allah ya ba su tagwaye maza, aka raɗa musu Kabir Narayan da Kamal Basheer, wato kowane yaro ya ɗauki suna daga ɓangarori biyu.

Bayan tarzomar farko, kakannin biyu suka zo Bombay domin su ga ko jikokinsu na raye. Nan suka zauna gida ɗaya, gaba ta fara gushewa. A tarzoma ta biyu aka cinna wa gidan wuta, dattawan biyu da matar Basheer suka mutu, tagwayen kuma suka ɓace cikin gari. Fim ɗin ya ƙare ne a inda mutanen gari suka tsaya gaban 'yan tarzoma suka hana su, aka ga yaran, jama'a kuma suka kama hannun juna a jere.

4.3 Yadda Aka Nuna Addinin Hindu

Idan aka duba da kyau za a ga cewa fim ɗin ya nuna addinin Hindu ta fuskoki uku. Fuska ta farko ita ce ta ƙauye, wadda Narayanan Pillai ke wakilta. Shi mutum ne mai zuwa ɗakin bauta, mai shafa toka a goshi, mai kuma ganin cewa mutuncinsa a gari ya rataya ne a kan wadda ɗansa zai aura. Addininsa a haɗe yake da girman kai na dattijon ƙauye. Wannan ya fito fili a fitowar da ya je wurin Basheer ya ce a yi masa bulo mai ɗauke da sunan Ram, domin a aika Ayodhya a gina ɗakin bauta. Ba ibada ce ta kai shi ba, neman cin fuskar surukinsa ne. Wannan fitowa tana daga cikin mafi ƙarfi a fim ɗin, domin ta nuna yadda siyasar da aka ƙulla a arewacin ƙasar ta ratso har ƙauyen kudu, ta zama makamin faɗan gida biyu.

Fuska ta biyu ita ce ta Shekhar. An haife shi a gidan Hindu, amma ba a ganin sa yana wata ibada, kuma a ƙarshen fim ya bayyana wa 'yan tarzoma cewa shi da 'ya'yansa ba sa cikin kowane ɓangare, su 'yan Indiya ne kawai. Fuska ta uku ita ce ta titi, wato jerin gwanon masu tutoci ruwan goro da Shaila Banu ta hango ta tsorata, da kuma ƙungiyar da fim ɗin ya kira Shakti Samaj, wadda kowa ya gane Shiv Sena ake nufi.

Matsalar wannan rabo ita ce, ba a bar gurbi ba ga mutum na huɗu, wato talakan birni mai riƙo da addininsa na Hindu wanda kuma yake zaune lafiya da maƙwabcinsa Musulmi. A tsarin fim ɗin, wanda ya riƙi addini da ƙarfi shi ne mai kawo fitina, wanda ya ajiye shi gefe kuma shi ne mai kawo sulhu. Ko da kakannin biyu suka shirya, har Basheer ya ceci Narayanan daga hannun matasan Musulmi da cewa ɗan'uwansa ne, shi kuma Narayanan ya tsaya ɗauko wa Basheer Alƙur'aninsa lokacin gobara, sai labarin ya kashe su duka. Wato dai an nuna cewa mai addini yana iya yin alheri, amma ba a bar shi ya rayu ya gaji birnin ba.

Haka kuma akwai rashin daidaito wajen wanda ya bar alamominsa. Shaila Banu ce ta bar gidansu, ita ce lulluɓinta ya maƙale a baya lokacin da take gudu zuwa wurin Shekhar. Mai kallo Musulmi, wanda ya san hukuncin irin wannan aure a addininsa, ba zai kasa lura da cewa ɓangare ɗaya ne ya fi yin asara kafin a kai ga haɗin kan da fim ɗin ke yabo ba. Sai dai dole a yaba wa mai ba da umarni a kan wata dabara: Nassar, wanda ya fito a matsayin uba ɗan Hindu, Musulmi ne, shi kuwa Kitty da ya fito a matsayin Basheer ɗan Hindu ne.

4.4 Kishin Jiha: Jigon da Aka Tsallake

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Domin a gane abin da fim ɗin ya tsallake, sai an waiwayi tarihin birnin. Bombay gari ne na 'yan ci-rani. Akwai Gujaratawa da Farisawa masu riƙe da kasuwanci, akwai mutanen kudu a ofisoshi da gidajen abinci, akwai mutanen arewa a ƙananan sana'o'i, sannan ga masu harshen Marati, waɗanda a nan za a kira Maratawa, da suka fi yawa a masaƙu. Bayan samun 'yancin kai a 1947, an yi gwagwarmaya a kan wace jiha ce za ta mallaki birnin. Fiye da mutum ɗari 'yan sanda suka harbe a zanga-zangar neman jihar Maratawa, kafin a ƙirƙiro Maharashtra a ranar 1 ga Mayu, 1960, Bombay ta zama babban birninta. To amma samun jiha bai sa Maratawa sun zama masu rinjaye a birnin ba, domin ba su kai rabin mazauna ba, kuma dukiya da manyan ayyuka suna hannun wasu.

A kan wannan ƙorafi ne Bal Thackeray, wanda asalinsa mai zanen barkwanci ne a jarida, ya kafa Shiv Sena a ranar 19 ga Yuni, 1966. Ma'anar sunan ita ce rundunar Shivaji, sarkin Maratawa da ya rayu daga 1630 zuwa 1680. Abin lura a nan shi ne, abokan gabar jam'iyyar na farko ba Musulmi ba ne. Mutanen kudancin Indiya ne, waɗanda akasarinsu mabiya addinin Hindu ne kamar Maratawan. Mujallar Thackeray mai suna Marmik takan buga jerin sunayen mutanen kudu da ke riƙe da muƙamai a kamfanoni, domin ta nuna wa 'yan ƙasa cewa baƙi sun cinye musu abinci. An kai hare-hare a gidajen abincin mutanen kudu a ƙarshen shekarun 1960. Sai a shekarun 1980 ne jam'iyyar ta rungumi aƙidar fifita addinin Hindu a siyasa, ta juya kan Musulmi.

To a nan ne babban giɓin fim ɗin yake. Shekhar ɗan ƙabilar Tamil ne, ya zo daga kudu, yana aikin ofis a Bombay. Wato shi ne ainihin mutumin da aka kafa Shiv Sena domin a yaƙa. Ta fuskar addini ɗan gida ne, ta fuskar harshe da jiha kuwa baƙo ne. Da an yi amfani da wannan matsayi nasa, da mai kallo ya ga cewa wanda ake kira baƙo yana sauyawa ne gwargwadon buƙatar masu siyasa: jiya mutumin kudu, yau Musulmi, kamar yadda a 2008 wata jam'iyya da ta ɓalle daga Shiv Sena ta far wa 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar. Amma labarin bai mayar da baƙuncin Shekhar wani abin damuwa ba. Tambaya guda ce 'yan tarzoma suka yi wa tagwayen bayan sun zuba musu fetur, wato su Hindu ne ko Musulmi.

Juyin Hindi ya ƙara faɗaɗa wannan giɓi. A cikinsa an sauya sunan gidan daga Pillai, wanda suna ne na mutanen kudu, zuwa Mishra, wanda suna ne na Barahamawan arewa. Da wannan sauyi ko ɗan alamar baƙuncin da ya rage ya shafe. Wannan ya shafi mai kallo Bahaushe kai tsaye, domin ta harshen Hindi ya saba gamuwa da finafinan Indiya, kuma a wurinsa duk Indiyawa ɗaya ne. Ba zai san cewa tsakanin Tamil da Marati akwai nisa irin na Hausa da Yarabanci a wurin mai sauraro ba, alhali kuwa batun ɗan ƙasa da baƙo batu ne da zai fi kowa saurin ganewa da an nuna masa shi.

Har ila yau, sunan fim ɗin kansa yana cikin wannan rigima. A shekarar da ya fito, wato 1995, gwamnatin Shiv Sena ta sauya sunan birnin a hukumance zuwa Mumbai, yadda Maratawa suka daɗe suna kiransa. Sunan ya fito ne daga Mumbadevi, abar bautar masuntan Koli, waɗanda suna daga cikin mazauna wurin na farko. A 1996 kuma aka sauya sunan babbar tashar jirgin ƙasa ta Victoria zuwa sunan Shivaji. A cikin waɗannan sunaye addini da kishin jiha sun cuɗanya ta yadda ba a iya raba su. Fim ɗin da ya ɗauki sunan birni ya zama takensa bai kamata ya bar wannan a waje ba.

4.5 Zaman Yau da Kullum a Birni

Ɓangaren da fim ɗin ya fi armashi shi ne farkon zaman ma'auratan a Bombay. An nuna ƙuncin muhalli ta hanyar raha, inda ango da amarya suka kasa samun kaɗaici saboda yaran baƙin masu gida da aka kawo su kwana ɗakinsu, har sai da suka koma aika wa juna saƙo ta bakin yara. An kuma nuna yadda fuskar matar mai gida ta sauya da ta ji sunan amarya. Wannan ɗan sauyin fuska ya faɗi abin da dogon jawabi ba zai faɗa ba, domin ya nuna cewa tun kafin a kunna wuta a titi akwai wariya a bakin ƙofar ɗaki. Haka nan fitowar da wani daga cikin jinsin da Indiyawa ke kira hijra, waɗanda suka yi kusa da 'yan daudu a wurin Bahaushe, ya ɓoye ɗaya daga cikin tagwayen ya ba shi abinci, ta nuna cewa wanda birni ya raina yana iya fin manyansa tausayi.

Sai dai bayan wannan, birnin ya koma fagen gudu da hayaƙi kawai. Ba a nuna rayuwar da ta samar da 'yan tarzomar ba. A 1982 ma'aikatan masaƙun Bombay, kimanin 250,000, sun shiga yajin aiki a ƙarƙashin jagorancin Datta Samant. Yajin ya karye, masaƙu da yawa suka rufe, 'ya'yan ma'aikata suka tashi a dogayen gidajen haya masu ɗaki ɗai-ɗai ba tare da aikin yi ba. Waɗannan matasa ne rassan Shiv Sena na unguwanni suka jawo, domin reshen jam'iyya shi ne wurin da ake kai kukan ruwan famfo, da neman aiki, da neman gurbin kafa teburin sayar da abinci. Rassan suna kuma da hannu a shirya bikin Ganesh, wanda Bal Gangadhar Tilak ya ƙarfafa yin sa a bainar jama'a tun 1893, ake kwana goma ana yi kafin a kai mutum-mutumin teku a nutsar. A wannan biki ne ibada da alfaharin zama Bamarate da zumuncin unguwa suke haɗuwa wuri ɗaya, amma labarin bai ba shi wani matsayi ba. A lokacin tarzomar kanta an shirya manyan tarukan ibadar Hindu a kan tituna, a matsayin martani ga sallar Juma'a da ke malalowa waje saboda ƙarancin fili. Rigimar titi ce tsakanin mutanen da cunkoso ya matse, aka sa mata rigar ibada. Da yake fim ɗin bai nuna wannan ba, sai 'yan tarzoma suka zama tamkar aljanu da suka faɗo daga sama, ba su da gida, ba su da sana'a.

4.6 Matsalar Daidaita Laifi

Ta fuskar zubi da tsari, rabin fim ɗin na biyu an gina shi ne a kan sikeli. Idan aka nuna ɗan Hindu ya yi kisa, sai a nuna Musulmi ya yi. Idan shugaban wannan ɓangare ya yi magana, sai na wancan ya yi. Kakanni biyu, tagwaye biyu, abokan Shekhar ma ɗaya nan ɗaya can. Niyyar mai kyau ce, wato kada a ce an goyi bayan wani. Amma alƙaluman da aka kawo a sama ba su nuna daidaito ba. Rahoton Srikrishna, wanda aka miƙa a 1998, ya ɗora alhakin jagorancin hare-haren Janairun 1993 a kan Shiv Sena da shugabanninta, ya kuma zargi wasu 'yan sanda da nuna bambanci ga Musulmi. Gwamnatin jihar ta lokacin ta ƙi amincewa da shi. Gaskiya ne cewa rahoton ya zo shekara uku bayan fim, amma jaridun lokacin sun riga sun bayyana yawancin abubuwan, kuma babban tauraron ɗan jarida ne. Ko rushe masallacin ma ba a nuna shi kai tsaye ba, ta kanun jaridu da hotuna aka wuce shi. Idan aka ce kowa na da laifi daidai wa daida, ƙarshenta babu wanda za a tuhuma, an bar jaki ana dukan taiki.

4.7 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya cewa Bombay fim ne mai ratsa zuciya, wanda ya yi ƙarfin halin taɓa abin da wasu suka guje wa. Ya ƙware wajen nuna tsoron uwa da ruɗewar yaro, da kuma ƙananan alamomin wariya a gidan haya. Rauninsa shi ne ya ɗauki birni mai harsuna da yawa ya raba shi gida biyu, ya ba da magani guda, wato kowa ya ce shi ɗan Indiya ne. Wannan magani bai amsa kukan Bamaraten da ke ganin an mayar da shi baƙo a garinsu ba, bai kuma amsa na ɗan ci-ranin da ke ganin guminsa ne ya gina garin ba. Tarihi ya ci gaba bayan fim: Thackeray ya rasu a 2012, kotun ƙolin Indiya ta miƙa filin Ayodhya domin gina ɗakin bautar Ram a 2019, aka buɗe shi a 2024. Darasin da mai nazarin adabin Hausa zai ɗauka shi ne, marubucin da zai yi labari a kan rikicin birni bai isa ya tsaya a kan suturar masu faɗa ba, sai ya bi su gida ya ga abin da suke ci da inda suke kwana. A babi na gaba za a duba yadda finafinan Hausa suka sarrafa jigon auren da iyaye ba sa so, wanda shi ne rabin farko na wannan fim.